Hawa na Huɗu

Litinin, 14 ga Yuni 1954, bayan la'asar

Saura wata guda bikin Katorzu, ranar sha huɗu ga Yuli da Faransawa ke tara gari a filin bariki. Bana ma ni direktan lakwal, makarantarmu ta boko, ya ɗora wa yaran jimnastik, karo na biyar ke nan. Alkafura, tafiya da hannu, sai hasumiya a ƙarshe, wasu bisa kafaɗun wasu, hawa uku.

Na sake kai masa takardata. Roƙona bai canja ba: lambar tagulla ga yara shida da suka fi, takarda mai sunan kowane yaro, kuma a kira sunayen da ƙarfi a gaban jama'a. Bara wanda ya ci kokawa ya tafi da rago da riga, makaɗa na biye da shi. Wanda ya hau sandar da aka shafa wa mai ya sauko da turmin atamfa. Yarana da suka yi wata uku suna zubewa a rairayi sabulu aka ba su, ɗaya a yanka wa mutum uku, aka ce yaran lakwal sun yi ƙoƙari. Ko suna ɗaya ba a faɗa ba.

Illo ne ke hawa can sama. Ɗan Fulanin wajen Dungas ne, shekararsa tara. A gidana yake zaune tun da aka rubuta shi lakwal, don ba shi da kowa a nan Magariya, kuma Inna yake kiran matata Balaraba. Yau ya zagaya rijiyar gida sau biyu da hannu, ƙafa a sama, Balaraba tana bin sa da ludayi wai ya sauko kafin jini ya taru masa a ka.

Laraba, 16 ga Yuni, azahar

Kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya karanta takardar, direkta ya tafi da ni bariki. Bai ba mu wurin zama ba, amma ya saurara. Mushe ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Ya ce: "Mushe Sallau, hawa uku na gani a Tawa, na gani a Maraɗi. Ka nuna mini abin da ban taɓa gani ba, sai in rubuta Damagaram a aiko da lambobinka." Zai zo lakwal ya duba ranar Juma'a ta sama.

A hanya direkta ya ce kada in ɗauki abin da zafi. Na ce to.

Alhamis, 17 ga Yuni, hantsi

Hawa huɗu. Mutum huɗu a ƙasa, uku, biyu, sai Illo. Na zana shi a kan allo, yara suka yi ta dariyar murna.

Bunu ne kawai bai yi dariya ba. Shi ne babbansu, ɗan Waca, shekara goma sha huɗu, shi ke tsayawa a tsakiyar layin ƙasa inda nauyi ya fi sauka. Shi ne kuma na ɗaya a aji, zai zauna jarrabawar satifika ranar ɗaya ga Yuli. Ya tambaye ni kwana nawa muke da su. Na ce takwas. Ya sake kallon zanen.

Talata, 22 ga Yuni, bayan la'asar

Hasumiyar ta tsaya sau biyu cikin gwaji bakwai. Illo ya miƙe a sama, ya buɗe hannu, ya ce yana hango tutar bariki.

Alhamis, 24 ga Yuni, bayan magariba

An yi ruwa da asuba.

Illo yana dispansar.

Juma'a, 25 ga Yuni, safe

Likita ya ce ƙashin cinyar dama ne, can sama kusa da ƙugu. Yana so a kai shi Damagaram, amma ruwa ya cinye hanya, mota ba ta fita ba tun shekaranjiya. An aika wa mahaifinsa. Balaraba tana wurinsa, ta ce ba ya kuka, bango kawai yake kallo.

Kumandan bai zo ba. Rahoto ya ce a kai masa.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Direkta ya rubuta rahoton da kansa. Ya tambayi yara wa ya fara motsawa, suka ce ƙafar Bunu ce ta goce. Gaskiya ne, ta goce. Haka aka rubuta: ɗalibi Bunu ya bar matsayinsa ba tare da umarni ba. Direkta ya juyo da takardar wajena, ya miƙo alƙalami, ya ce: "Kai da ni duk muna da iyali."

Na sa hannu.

Asabar, 26 ga Yuni, hantsi

An kori Bunu. A gaban layi aka karanta, bayan ɗaga tuta. Ya shiga aji ya kwashe littattafansa, ya ajiye na lakwal a kan teburina ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita gefensu. Ina ta gyaran kiran suna, ban ɗago ba. Na ji ya tsaya kaɗan a gabana, daga nan ya fita.

Gero ya tsiro da kyau a bayan lakwal. An sake yin ruwa.

Litinin, 28 ga Yuni, la'asar

Gidaɗo, mahaifin Illo, ya iso da ƙannensa uku. Kwana biyu suka yi a ƙafa. Dogo ne, siriri, sandarsa a bayan wuya. Na tarye shi a ƙofar dispansar, na gaishe shi, ya amsa duk gaisuwar har ta shanu da ta damina. Ya shiga ya ɗaga zanen da aka rufa wa yaron, ya duba ƙafar, ya mayar. Bai kalli fuskar ɗansa ba, bai kuma ambaci sunansa ba, ɗan fari ne.

Ya ce: "Malam, da aka karɓe shi daga hannuna an ce karatu zai yi."

Na ce yana karatu, yana ma cikin na gaba.

"To wannan fa, wane darasi ne?"

Na fara yi masa bayanin biki da lambar tagulla. Da na ji muryata sai na yi shiru. Ya ce akwai maɗori a rugar surukansa, can za su kai shi. Likita ya ce hanyar za ta wahalar da ƙashin. Gidaɗo ya ce ya ji, ya gode.

Talata, 29 ga Yuni, safe

Sun tafi da shi a kan gadon kara, su huɗu suna ɗauke. Balaraba ta raka su har bayan gari da ƙullin fura. Ni ina da aji.

Da ta dawo ta ce: "Ya ce in gaya maka ka yi haƙuri."

Na ce haƙurin me.

"Wai ya ɓata maka wasa, yanzu ba za a ba kowa lamba ba saboda shi."

Na ce mata ina da takardun gyara.

Alhamis, 1 ga Yuli, hantsi

Yau ake satifika. Mutum huɗu muka tura. Da biyar ne.

Asabar, 3 ga Yuli, azahar

An hana hasumiya, ko mai hawa biyu. Sauran wasan za a yi. Yara suna zuwa fili, suna yin abin da na ce, daidai, ba kuskure. Ba wanda ke dariya. In na tafa hannu don su fara, wasu sukan zabura.

Lahadi, 4 ga Yuli, bayan la'asar

Balaraba ta wanke wandon jimnastik na Illo, ta ninke, ta rasa inda za ta sa shi. Tana tsaye da shi a hannu ta ce: "Malam, ran nan da safe ina shara na ji Bunu ya zo ƙofar gida yana maka magana. Me ya ce?"

Na ce gaisuwa ce.

Ta ce: "To." Ta sa wandon a ƙasan akwatina, ba nata ba.

Talata, 6 ga Yuli, safe

Ban yi barci sosai ba. An yi ruwa.

Alhamis, 8 ga Yuli, azahar

Wani mai sayar da nono daga wajen Dungas ya ce an ɗora ƙafar, zazzaɓi ya kama yaron kwana uku, ya sauka. Yana shan fura. Alhamdu lillahi.

Na tambayi wani ɗan Waca labarin Bunu. Ya ce yana gona. Ya ce mahaifinsa, Baba Mohamman, ya daina cin abinci da shi a kwano ɗaya, wai ya tura shi neman ilimi ya je ya karya ɗan mutane.

Asabar, 10 ga Yuli, la'asar

Lambobin sun zo.

Kumandan ya rubuta Damagaram duk da abin da ya faru, ya ce labarin ƙaramin ya taɓa shi. Gardi, dogarin bariki, ya kawo akwatin nan lakwal. Guda shida, tagulla, da zare shuɗi da fari da ja. Takardu goma sha takwas, an bar wurin suna. Duk abin da na shekara biyar ina roƙo, ba a rage komai ba.

Direkta ya ba ni hannu. Ya ɗauki jerin sunaye shida da na rubuta tun watan jiya, ya ja layi a kan na farko, na Bunu, ya jefa lamba ɗaya cikin aljihun teburinsa. Ya ce in rubuta sunaye a takardun, hannuna ya fi kyau. Na rubuta goma sha bakwai.

Litinin, 12 ga Yuli, bayan magariba

Na rubuta goma sha bakwai. Hannuna ya fi kyau.

Laraba, 14 ga Yuli, bayan la'asar

An yi biki. Yara sun shiga fili cikin fararen wanduna, sun yi alkafura a jere, sun ratsa gaban rumfa da hannu, mata suka yi guɗa. Da aka gama, tafinta ya tsaya ya kira sunaye ɗaya ɗaya, da sunan uba da na gari. Na ga wata tsohuwa ta kutso daga cikin taro tana cewa jikanta ne, jikanta ne, gardi bai hana ta ba. Wani yaro ya riƙe takardarsa da hannu biyu, ya rasa yadda zai yi ya gaisa. Ban yi kuskure ba da na roƙa musu wannan. Har yanzu na san ban yi kuskure ba a nan.

Aka kira Illo Gidaɗo, Dungas.  Aka sake kira. Direkta ya taɓa ni, na fita na karɓa. Kumandan ya sa mini lambar a tafin hannu, ya ce wa jama'a ga malamin da ya kamata a yi koyi da shi. Aka tafa mini.

Da na juyo, yaran suna tsaye a layi. Sun bar gurbi a tsakiyar layin baya, inda Bunu ke tsayawa. Ba na jin sun shirya haka, sun saba ne kawai. Dukansu ni suke kallo. Suna wurin ranar Alhamis ɗin, sun ji komai, kuma kwana ashirin ba wanda ya faɗa wa kowa.

Alhamis, 15 ga Yuli, hantsi

Bari in rubuta shi a nan tukuna, in ga ko hannuna zai iya.

Ranar Alhamis 24 ga Yuni, da safe bayan ruwa, Bunu ya zo ƙofar gidana. Ya ce: "Mushe, na biyo ta fili, ƙasa ta jiƙe, tana santsi. A bari sai la'asar." Na ce kumandan gobe zai zo, sau biyu kawai ta taɓa tsayawa, ba mu da la'asar. A fili ya sake faɗa, a gaban kowa. Ya ce kafaɗarsa ma tana ciwo tun Talata. Na ce masa in tsoro yake ji ya koma cikin ƴan mata masu riƙe tuta. Yara suka yi dariya. Ya shiga layi. Illo ya kai hawa na uku ya tsaya, ya leƙo ni, don yana jin ana rawa a ƙarƙashinsa. Na tafa hannu na ce hau. Ya hau.

Ƙafar Bunu ta goce. Wannan ne kaɗai gaskiyar da ke cikin rahoton.

Alhamis, bayan azahar

Na karanta wa Balaraba. Ta saurara har ƙarshe tana tsinke zogale. Ta ce: "Ni ba ni ce aka kora ba, Malam. Ba kuma ƙafata ce ta karye ba."

Na juya shi Faransanci, kofi biyu.

Juma'a, 16 ga Yuli, azahar

Direkta ya ce na haukace, an rufe magana, yara sun tafi hutu, wa ya tambaye ni. Ya ce sa hannunsa ma yana kan rahoton. Na ce ban ambace shi ba, abin da na yi kawai na rubuta. Na wuce bariki ni kaɗai.

Kumandan ya karanta sau biyu. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce shekaranjiya ya yabe ni a gaban gari. Na ce haka ne. Ya ce in fita.

Talata, 20 ga Yuli, safe

Ba labari daga bariki. Balaraba ta fara ɗaure kwanoni ba tare da na ce mata komai ba.

Alhamis, 22 ga Yuli, la'asar

Takarda ta fito. An rage mini girma, za a tura ni wata ƙaramar lakwal a arewa in an koma hutu, kuma ba ni ba jimnastik. An soke korar Bunu, zai maimaita aji ya zauna satifika baɗi. Lambobi da kiran suna za su ci gaba kowace shekara, kumandan ya ce wannan ba laifin yara ba ne.

Direkta ya aiko mini da lamba ta shida da takarda ta goma sha takwas ta hannun gardi, bai haɗa da ko kalma ba. Na rubuta sunan Bunu.

Na ari doki. Gobe Dungas, daga can Waca.

Lahadi, 25 ga Yuli, bayan la'asar, a rugar Gidaɗo

Illo yana kwance a inuwar bukka, ƙafar a ɗaure da karare da tsumma. Ya rame. Da ya gan ni ya yi yunƙurin tashi, uwarsa Kadi ta danne masa kafaɗa. Maɗori ya ce ƙashi ya kama, amma ƙafar za ta gaza ƴar uwarta da kamar yatsu biyu.

Na ba shi lambar da takardar. Ya karanta sunansa da ƙarfi, ya juya lambar, ya ce: "Ni da na faɗo?"

Na ce ba faɗowa ya yi ba, ni na hau da shi inda bai kamata ba. Na faɗi sauran, Gidaɗo yana zaune a kan buzu yana murza igiya. Na faɗi abin da Bunu ya ce da abin da na ce masa, har da tafin. Ban iya kallon Kadi ba.

Illo ya ce: "To ba ni na ɓata ba?"

Na ce ba kai ba ne.

Sai a lokacin ya yi kuka. Kadi ta ce tun da aka kawo shi, ko ranar ɗori, bai yi ba.

Gidaɗo ya raka ni wurin doki. Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana duban shanunsa. Ya ce: "Ban san ko na yafe ba, Malam, kada in yi maka ƙarya. Ka dawo wata shekara ka tambaye ni." Na tambaye shi ko yaron zai koma lakwal. Ya ce sai ya ga tafiyarsa tukuna. In bai koma ba, shanu ba sauri suke yi ba, zai iya bin su.

Kadi ta aiko da nono a ƙwarya. Wai na Innarsa ne ta Magariya.

Laraba, 28 ga Yuli, bayan azahar, Waca

Na same su a gona suna maimai, uban a kunya ɗaya, Bunu can nesa a wata. Na ɗaure doki na yi sallama. Baba Mohamman ya amsa, Bunu bai ɗago ba sai da na isa gabansa.

Na miƙa masa lambar. Bai saki hauyar ba.

Ya ce: "Mushe, na gaya maka."

Na ce ka gaya mini, sau biyu.

"An rubuta haka?"

Na ciro kofin takardar da na kai bariki, da ta kumandan mai hatimi. Ya goge hannu a riga, ya karanta su a tsaye, leɓensa na motsi. Ya mayar mini.

"Baba ba ya jin Faransanci. In ni na karanta masa zai ce na ƙara. Kai ka karanta."

Muka taka zuwa wurin tsohon. Na karanta layi ɗaya da Faransanci, in juya shi da Hausa, in koma. Maƙwabtan gona biyu suka matso, ban rage murya ba. Da na zo wurin ƴan mata masu tuta na so in tsallake, Bunu ya ce: "Akwai saura a layin nan." Na karanta shi.

Da na gama, Baba Mohamman ya tambaye ni ko baɗi ɗin tabbas ne. Na nuna masa hatimin. Ya karɓi lambar daga hannuna, ya auna nauyinta a tafinsa, ya rasa abin da ake yi da ita. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce a wuya ake ratayawa. Ya rataya wa ɗansa, zaren ya maƙale a kunne, ya gyara da yatsunsa masu ƙasa.

Ya sunkuya ya ɗauki hauyar Bunu ya haɗa da tasa a kafaɗa. Ya ce: "Rana ta yi. Zo mu je mu ci abinci."

Ni ba a ce in zo ba. Na tsaya har suka shiga gari, sannan na kwance doki.